Jan Biro a Littafin Aku

Malama ta ja layi ƙarƙashin kuskure na goma sha huɗu, ta ture littafin gefe. Shafi ɗaya tal. A da, sai ta duba shafi uku na rubutun Aku ba ta sami inda za ta ɗiga ja ba.

Aku ba ɗalibar aji ba ce. Malama ta daɗe da ajiye alli, yanzu wani ƙaramin ɗakin karatu take tsaro, daga ita sai ƙura sai fanka mai kukan tsufa. Nan yarinyar ta same ta, 'yar wata mai ɗinki daga can ƙarshen gari, wadda aka cire daga makaranta don ta riƙe wa uwarta almakashi. Ita ta koya wa kanta Turanci. Kalma goma kullum, a bayan kwalin zare, ta soke su da allura a bango. Tsofaffin jaridun da ake yanka samfurin riga da su, sai ta karance su tas kafin almakashi ya ci su. Rediyo na magana tana maimaitawa, shi ya sa Malama ta laƙa mata Aku. In ta gaji, ta hau rufi ta yi wa tantabarunta lacca. Kowace Asabar ta kawo littafinta a duba.

Aikin jinya take so. Malama ta rantse sai ta ga yarinyar nan ta zauna jarrabawar shiga makarantar jinya.

Sai Aku ta ɗauke ƙafa. Bayan mako shida uwar ta shigo da littafin a cikin leda.

“Ba za ta samu zuwa ba. Ni zan riƙa kawowa.”

Malama ta kalle ta sama da ƙasa. Ta san labarinta sarai. Wannan ce matar da ke kiran Turanci yaren masu hura hanci, wadda ta taɓa zare batirin rediyo ta jefa a kwata. To ga shi ta ci nasara, ta ɗaure yarinya a gindin keken ɗinki.

Wata tara aka yi a haka, littafin kuwa shi ne shaida. Rubutun nan siriri mai gudu ya koma manya-manyan haruffa, an danne biro har yana huda takarda. Hannun da ya wuni yana ɗinki ke nan, in ji Malama a ranta. Da fari ma tsofaffin darussa kawai ake kwafowa, waɗanda Aku ta wuce tun tuni. Da aka dawo rubuta labari, babu tantabarun da ke keta gajimare, babu mafarkin farar riga. Sai 'yan gajerun jimloli: Ɗakin yana da tsabta. Tsuntsaye sun ci abinci. Na buɗe taga. Ba wanda ya zo.

Uwar kuma ba ta ajiye littafi ta tafi, sai ta tsaya a kan Malama, ta gyara sabon tabaraunta, ta sa yatsa mai shuɗin tabo a kan takarda.

“Wannan jan layin fa, me ya yi?”

“Ke ina ruwanki? Ita ta sani.”

“Faɗa min dai, Malama. A hankali.”

Malama ta faɗa, da gatse. Matar tana motsa leɓe, ba ta taɓa ramawa ba.

Ranar Litinin za a rufe rajistar jarrabawar. Asabar ɗin nan Malama ta rubuta da ja a ƙasan shafi cewa Aku ta zo da kanta ta sa hannu a takarda, ko da rarrafe. Lahadi ta wuce shiru. Litinin da hantsi ta kulle ɗakin karatu, abin da ba ta taɓa yi ba, ta shiga mota biyu, ta yi tambaya sau uku, har aka nuna mata shagon.

Ga kwalayen a bango. Na sama sun koɗe, rubutunsu siriri. Na ƙasa sababbi ne, da manyan haruffa. Rediyo na ta zuba Turanci a kan teburin yanka, da sabon batir. Keken ɗinkin an lulluɓe shi da zane, ƙura ta kwanta a kai. A kan rufi tantabaru na guɗa.

Malama ba ta ko gaisa ba. Ta buga takardar rajista a tebur.

“Kira min ita. Kin cire ta daga makaranta, kin kashe mata hannu, kin kashe mata kai. Shekara talatin ina koyarwa ban ga irinta ba, ke kuma kin mai da ita mai sa maɓalli. Yau ko ki ba ni ita, ko in tara miki jama'a.”

Matar ta bari har ta gama. Sannan ta ɗaga wani yadi, ta ciro littafi mai kauri, bangonsa ya sha hannu. Ta buɗe. Rubutun Aku ne na gaske, siriri, shafi bayan shafi, duk da Turanci, kowanne da kwanan wata. An bi kalma guda da fensir an kewaye ta duk inda ta fito: Inna.

“A ƙarƙashin katifarta na same shi. Da gangan ta yi shi da yaren da ba na ji. Ba na so wani ya karanta min, kada ya tausaya min ya rage.” Ta cire tabarau, ta goge da gefen mayafi. “Kwana uku zazzaɓi ya yi mata, Malama, yau sama da wata goma da rasuwarta. Rubutun da nake kai miki nawa ne. Kada ki daina duba min shi, saura kaɗan in iya karanta ko ta yafe min.”