Masu Sunana

Daren jiya na ji wani baƙon sauti daga rediyon maƙwabcina. Sai da na jima kafin na gane sunana ne. Mai shirin yana lissafa manyan da suka amsa shi: ɗan damben zamanin Turawa, wani alƙali, wani matuƙin jirgin sama. Na zauna bakin gado ina amsawa a madadinsu.

Na manta rabon da a kira ni da shi. Matata har ta rasu ba ta furta shi ba, saboda kunya. 'Ya'yana Baba suke cewa, ta waya. Abokan da muka noma auduga tare a Gozaki, masu kirana gatsal, duk sun riga ni gidan gaskiya.

Yau da safe aka taru raɗin sunan jaririn maƙwabcin. Ya ce wa liman takwara zai yi mini, don ba shi da uba sai ni. Na sunkuyar da kai, ina jira in ji shi daga bakin wani.

Maƙwabcin ya juya ga jama'a, ya rage murya.

"Wai ni kam, mene ne sunan Baba na yanka?"

Kowa ya kalli na kusa da shi.