Wasiyyar Mai Jita

A gonar dabinon yayanta da ke Awali, a gefen Madina, Raudatu ta tarbi Dakta Haidar, aminin marigayi mijinta Shittu. Wayarta na kan darduma, muryar Shittu na tashi daga ciki. Wasansa ne na ƙarshe a gaban jama'a, jitar lantarki tana kukanta na salon kiɗan blues, 'yan kallo na ta tafi.

Ta san abu biyun da ya kawo Haidar. Yana son aurenta. Sannan Shittu, da ya tuba ya bar kiɗa kafin ciwo ya kwantar da shi a Madina, ya bar wa Haidar wasiyyar ya goge duk abin da aka ɗauka na kiɗansa. Wannan na wayarta kaɗai ya rage.

"Maman Lubna, amana ce," ya ce, kansa a ƙasa.

"Na sani, Dakta." Ta tura masa wayar. "Goge. Amma wallahi hannun da ya raba ni da muryar nan ba zai kawo sadakina ba."

Ya daɗe yana kallonta. A cikin wayar Shittu ya yi dariya, ya ce wa jama'a saura waƙa ɗaya. Idanun Haidar suka kawo ruwa, duk da haka ya miƙa hannu zai goge.

Sai ta fizge wayar. Ta bari waƙar ta kai ƙarshe, tafi ya lafa, sannan ta goge da kanta.

"Shi ke nan," ta ce, tana share fuska da gefen mayafi. "Yaya yana ciki. Je ka same shi da maganar auren."