Moruti a Kan Sikeli

Ranar da Moruti ya kau da kai daga gyaren da aka miƙa masa, Ntate Mohau, wato Baba Mohau a yarensu, ya ce iya shege ne. Da Moruti ya shige ƙarƙashin ɓawon itacen da ke cikin akwatin gilashinsa ya rufe ido, aka wayi gari aka sake wayewa bai fito ba, sai dattijo ya sha jinin jikinsa.

Moruti ƙadangare ne mai gemu, na marigayiya matarsa, Mme Disebo. Ita ta raɗa masa sunan, wato Fasto, saboda gemun da yawan gyaɗa kai. Ta rasu a watan Maris, ta bar wa Mohau shi amana. Shi kuwa Mohau ya ƙare ƙuruciyarsa yana duba tumaki a gonaki, kuma duk unguwa an gaji da jin cewa daga bakin shinge yake gane dabba mai ciwo. Ga shi yau ƙadangare guda ya gagare shi.

Sanyin Yuni, lokacin hunturun garin Bloemfontein, ya sauka. Mohau ya san irin waɗannan dabbobi kan yi dogon barci in sanyi ya shigo. Ya kuma san mai ciwo ma haka yake kwanciya shiru har ya mutu. To, wanne ne? Ya ja labule don kada haske ya dami Moruti, ya ja kujera ya tasa akwatin a gaba, yana kurɓar shayi. Tukunya kuwa ya manta rabon da ya ɗora ta. Tsoro yake ji ƙwarai, kada abin da Disebo ta bari mai numfashi ya mutu a hannunsa.

'Yarsa Mamello ta zo daga Welkom, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa, kallo mai tsawo.

"Ntate, yaushe ka huda sabon rami a bel ɗin nan?"

"Ke, bar zancen bel. Zo ki duba min wannan mara kunyar."

"Mu je asibiti mana."

"Asibiti ya ishe ni. Can na kai uwarki."

Ba ta ja da shi ba. Ta ce ta san wata ausi Ntswaki, wato 'yar'uwa Ntswaki, da ta ƙware a irin wannan kwanciya, za ta riƙa leƙowa.

Ntswaki ta zo ranar Asabar da sikelin nan da ake hawa da ƙafa. Ta leƙa akwatin daga nesa, hannunta a baya, ta ɗan duba wayarta.

"Abin ba wuya, Ntate. Mai barcin sanyi nauyinsa ba ya raguwa, gindin wutsiyarsa na nan a cike, in an tashe shi idonsa tar. Mai ciwo kuwa ramewa yake yi, ido ya faɗa. Ɗauke shi ka hau. Yawwa. Yanzu mayar da shi ka hau kai kaɗai, sai in debe."

Mohau ya hau ya sauka. Lambobin sun yi wa idonsa ƙanƙanta, ita ce ta sunkuya ta karanta. Da ta ɗago sai ta dube shi cikin ido, ta tsuke baki.

"Akwai rama," in ji ta.

Mohau ya juya ya kalli akwatin Moruti. Duk abin da ta ce a yi, ya ce ya ji. A buɗe labule. Kullum da hantsi ya fito da Moruti tsakar gida, ya rungume shi cikin bargo su sha rana. Ya taka da ƙafarsa zuwa kasuwa ya sayo kabewa da ganye sabo, ya yanka masa, ko zai ci ko ba zai ci ba.

Moruti ko shinshinawa bai yi ba. Mohau kuwa bai iya zubar da abinci ba, don haka ya riƙa dafa ragowar, kuma tunda ganye ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya tuƙa tuwon masara. Yakan ci yana yi wa kansa tsiya: tsohon malamin tumaki ya koma mai cin sauran ƙadangare. Da Disebo ta ga wannan, da ta yi dariya har da hawaye.

Asabar na bin Asabar. "Ramar ta tsaya," in ji Ntswaki wata rana. Daga baya ta ce, "An fara ciko." Mohau ya ɗan yi mamakin dabbar da ke ƙiba ba ta ci, amma nan da nan ya samo bayani, har ya yi wa maƙwabta lacca ta kan katanga a kan amfanin rana ga jikin ƙadangare.

A watan Satumba, wata Asabar da Mamello ta zo, Mohau na saukowa daga sikeli sai Moruti ya buɗe ido tar, ya gyaɗa kai irin na fastoci, ya zame daga hannunsa ya yi tsalle ya kama siket ɗin Ntswaki. Ihun da ta kurma sai da ya tashi karnukan layin. Kafin a ce me, tana kan kujera.

"Cire shi, Ntate! Don Allah cire min abin nan!"

Mohau ya ɗauke shi, idonsa ya cika da ƙwalla don murna. Ashe barci ne. Ya taɓa gindin wutsiyar, a cike yake.

"Kilo huɗu aka ƙara," in ji Mamello tana duban sikelin.

"Kin gani? Hannuna ne! Amma ke ausi, wace irin likitar ƙadangare ce ke hawa kujera?"

Mamello ta share hawayen dariya, ta gyara masa bel ɗin da ya koma raminsa na dā.

"Ntate, Moruti duka-dukansa bai kai rabin kilo ba. Ausi Ntswaki nas ce ta mutane, kai take aunawa."