Kashi Sittin da Uku

Ran Talata da yamma Dakta ya dawo daga shago ya tarar akwatin gem ɗinsa ya tsaya a kashi sittin da uku.

Ba likita ba ne, mai shagon magani ne, amma unguwa ta laƙaba masa sunan, shi kuma bai taɓa musawa ba. Ya ajiye jaka ya karanta abin da ke fuskar talabijin: ana sabunta manhaja, kada a kashe na'urar. A ƙasa ga wani dogon layi, ya cika ya ɗan wuce rabi, ya cije.

"Da safe ya nemi a sabunta shi, na danna masa kafin in fita aiki," in ji matarsa, wadda ke tsara katunan gayyata a wani shagon ɗab'i. Ta ci gaba da ninke kayan wanki.

A cikin akwatin nan akwai ƙungiyar ƙwallon da Dakta ya shekara huɗu yana ginawa. Daga ƙasan teburin gasa ya ɗauko ta, yanzu saura wasa ɗaya ta ɗauki kofi. A kanta yake cin abinci bisa cinya, a kanta yake amsa kowace magana da "uhm". In akwatin ya lalace, shi ke nan, ta tafi.

Ya kashe na'urar intanet ya kunna. Ya canza wayar da ke haɗa ta da akwatin. Ya danna duk maɓallin da ke hannun gem, ko gezau. Ya ɗora tafinsa a kan akwatin kamar mai duba zazzaɓi, ya ji ba zafi. Ya nemi rimot ɗin talabijin sama da ƙasa bai gani ba. Matar ta ce wataƙila Auta ce ta yi wasa da shi. Auta, 'yarsu mai shekara shida, ta buɗe baki za ta yi magana, uwar ta aike ta ɗebo ruwa.

Ya kira mai gyaran waya na bakin titi.

"Dakta, zare filogi kawai, ka ƙirga talatin, ka mayar."

"Ƙungiyata fa?"

"Sau tara cikin goma ba abin da ke samunta. Ko in zo in duba?"

Dakta ya ce a'a, ya gode. Shekara goma sha biyar ya yi yana gargaɗin mutane kada su daina shan magani a tsakiya, kuma ya ga yadda ɗayan nan cikin goma ke ƙarewa. Ba zai bari mai saurin hannu ya shigo masa falo ba. Abin da aka rubuta an rubuta.

Sai ya cire firiji daga batirin gidan ya bar wa akwatin da talabijin su kaɗai. Ya liƙe soket da salatif, ya manna takarda irin ta ambulan ɗin magani: kada a taɓa, safe, rana, dare.

Daga nan sai jira. Kullum ya dawo ya zauna a kujerarsa ya zuba wa sittin da uku ido, hannu ba abin riƙewa. A rana ta uku Auta ta lallaɓo da littafinta ta zauna a gefensa, ta karanta masa shafi guda ba gargada. Da ta yi dariya ya ga haƙoranta biyu na gaba babu.

"Yaushe suka fita?"

"Tun watan jiya, Baba."

Kunya ta kama shi sosai. Ran nan a tebur ya ci abinci. Kashegari ya ɗaure ƙofar kabad ɗin da ta shekara tana lilo. Ya ba matarsa labarin wani tsoho da ya zo sayen maganin mantuwa ya bar takalminsa a shago, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ya ma manta tana irin wannan dariyar.

Duk da haka ƙungiya tana ransa. A rana ta bakwai ya durƙusa gaban soket, ya ɗan ɓare bakin salatif, ya daɗe a haka. Ya miƙe ya ce in gobe bai motsa ba zai zare, komai ta fanjama fanjam. Matar ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Kashegari da yamma ya shigo ya tarar da sittin da huɗu.

"Kin gani? Yana aiki! Haƙuri kawai yake so."

Ya kira mai gyaran waya ya yi masa gori. Ya ƙara salatif a soket. Sannan ya ɗauki Auta a kafaɗa suka fita zaga unguwa, tun da dai ba abin da zai yi a falon.

Da safe, bayan ya tafi shago, matar ta zaro rimot daga ƙasan jakarta ta danna maɓalli ɗaya. Sittin da huɗu ya ɓace, ga ƙungiyar Dakta a jere lafiya lau, tana jiran wasan ƙarshe. Cikin minti goma sha biyu aka gama sabuntawar tun ran Talatar farko, tana tsaye da wayarta tana ɗaukar hoton kowace lamba, ta je shagon ɗab'i ta gyara su tas, ta zuba su a filashi, ta dawo ta soka shi a bayan talabijin. Ta mayar da hoton, ta leƙa bayan talabijin ta ƙara danna filashinta: saura hotuna talatin da shida, ɗaya duk mako.