Guraben da Baba Ya Bari

Manhajar kwamfuta ta farko ta ce an yi fari a Sabon Birni a 1984. Ta biyu ta ce damina ta yi albarka. Alhali alƙaluma ɗaya ne, daga wannan na kwashe na zuba a waccan.

Daga littafin marigayi Baba na kwafo su. Shekara ashirin yana auna ruwan sama a bayan makarantar firamare, yana rubutawa da jan biro. Har yau takardun suna ƙanshin turarensa. Yanzu ni ke awon. Bana ma gero ya bushe a tsaye, kuma rahotona ake jira kafin a raba tallafin iri.

Na kira mahaifiyata a garin Isa.

"Inna, an yi fari a 1984 kuwa?"

"Shekarar da munka ci dusa? Awakinmu tara, guda ta rage!"

"To, ban ga sifili ko ɗaya a littafin Baba ba."

"Ba ka ganin shi. Ran da ba a yi ruwa ba, cewa shikai, wane ni in rubuta ma Allah sifili? Sai shi bar wurin, ko rahama ta sauko kahin magariba."

Na koma kan kwamfuta. Ashe manhaja ɗaya ta ɗauki guraben a matsayin sifili, ɗayar ta tsallake su, ta lissafa ranakun ruwa kaɗai.

Gurbi casa'in da huɗu. Na cike su ɗaya bayan ɗaya da abin da Baba ya ƙi rubutawa, amsoshin suka daidaita.

Gurbin yau kuwa na bar shi. Magariba ba ta yi ba tukuna.