Sha Biyu a Raba Biyu Sau Uku

Malam ya goge tabarau, ya sake dannawa: sha biyu, a raba biyu, sau uku. Wayar ta sake cewa sha takwas.

Biyu ya kamata ta ce. Tun kafin a haifi masu ƙera wayoyin nan yake koya wa yara cewa ninkawa ce ke shiga gaba, rabawa ta biyo baya. Da haka ya yi ritaya, kuma ba wanda ya taɓa ja da shi sai autarsa, wadda tun tana ƙarama kanta ke da tauri irin nasa.

Ita ce ma ta saka masa manhajar kalkuletar, ranar da ta kawo masa wayar. Aikin kwamfuta take yi a wani kamfani. Bai taɓa tambayar wanne ba, shi dai ya san albashin bai kai ƙwaƙwalwarta ba, kuma abin na ci masa rai.

Ya lalubo wurin aika ƙorafi, ya rubuta wa masu manhajar da yatsa ɗaya. Amsa ta zo cikin ladabi: ninkawa da rabawa matsayinsu ɗaya, daga hagu ake bin su zuwa dama. Har da misalin lemu da yara, irin wanda shi kansa ya saba bayarwa a aji. Ran Malam ya ɓaci. Wato har salon koyarwarsa sun sace!

Ya kira autar ya zayyana mata komai. Da ya gama, sai ta ce, "Baba, ka sha maganinka kuwa?"

"Ana maganar ilimi kina maganar magani!"

Matarsa na gefe tana ninke wanki, sai tari ya sarƙe ta, ta fita tsakar gida da sauri, kafaɗunta na rawa.

A nan dabara ta faɗo masa. Ya nemo adireshin shugaban kamfanin ya rubuta masa kai tsaye. A kori duk wanda ya rubuta wannan shirme, in ji shi, domin ko a ajinsa ne da tuni ya tsaya a bakin ƙofa. In kuma suna neman gwani, yana da 'ya wadda shi ya koyar da ita da hannunsa. Ya haɗa da sunanta da lambarta, ya aika, ya miƙe ƙafa yana jin daɗin ya gyara duniya kuma ya sama wa autarsa aiki.

Washegari da hantsi wayar ta yi ƙara. Ya kira matarsa ta zo ta ji, ya gyara murya, ya karanta da ƙarfi:

"Ranka ya daɗe, mun gode da shawara, sai dai ta fi ƙarfinmu. Wadda kake so mu kora da wadda kake so mu ɗauka, kujera ɗaya take zaune a kai, kuma ta ce a tuna maka da maganin."