Giyar da Ta Haddace Ƙafar Gaggawa

Duk lokacin da motar za ta shiga giya ta uku sai ta ɗan ja numfashi, sannan ta doki Inna a gadon baya, dum! Inna kuwa sai ta ce, "Sannu, Gaggawa," alhali ita kaɗai ce a cikin motar.

Gaggawa mijinta ne, mai haƙar rijiyar burtsatse, kuma ba a banza aka laƙaba masa sunan ba. A-kori-kurar da ya saya tun asali mai turbo ce, ƙarfinta ya ishi duk mai hankali. Shi fa sai da ya kai ta aka ƙara wa injin wuta, wai don ya ja kayan haƙa kuma ya wuce kowa a hanya. Tuƙinsa iri ɗaya ne: ya take totur har ƙasa, ya ɗaga ƙafa kamar wanda ya tuna ya bar makulli a gida, ya sake takewa. Shekara da shekaru Inna na gefensa ta ƙanƙame ƙofa, idonta a kan ƙafar nan, bakinta bai huta da faɗa ba.

Shi dai dariya yake yi. "Giyar nan otomatik ce, ƙwaƙwalwa gare ta," in ji shi. "Ta haddace ƙafata. Ta fi ki sanin halina."

Da ya tashi tafiya ma a gaggauce ya tafi. Da safe ya ce ƙirjinsa na ciwo, kafin yamma an gama komai.

Motar ta yi damina guda a ƙarƙashin rumfa mai yoyo. Ƙanin Inna ya zo ya sa aka ja ta zuwa gareji, ya dawo da ita tana ƙyalli, ya fara kawo zancen masu saye. Inna ta karɓe makullin ta ɗaure a bakin zani. 'Yarta tilo na aure a nesa, gaisuwar waya ce kawai ke haɗa su. Gidan ya yi mata faɗi. Rigunan Gaggawa da take shinshinawa tuni sun koma warin akwati.

Shi ya koya mata tuƙi, amma bai taɓa barin ta taɓa wannan motar ba. Da ta fara fita da ita a tsorace, motar ta yi mata baƙunta, tana tafiya sumul kamar ba ta san kowa ba. Inna ta ji haushi, ta ci gaba da fita. A hankali tsoron ya sake ta. Ran nan a hanyar kasuwa, ba zato, motar ta ja numfashi ta doke ta a baya. Ta gangara gefen titi ta kifa kai a sitiyari, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar. Ashe yana nan!

Daga nan ba ta ƙara neman dalilin fita ba. Ta kan zaga gari ta dawo hannu rabbana, don dai ta sha dukan nan ta gaishe shi.

Sai ƙauri ya fara tashi. Injin ya yi ta kururuwa, motar na jan jiki da ƙyar.

Bakaniken da ke yi wa Gaggawa gyara ya tsoma yatsa a man giya, ya shinshina, ya nuna mata. Man da ya kamata ya zama ja ya koma baƙi, da ɓurɓushi a ciki. Ya ce injin ya fi ƙarfin giyar tun ranar da aka ƙara masa wuta, fayafayan ciki duk sun ƙone. Zai sa sababbi, ya ƙara abin sanyaya mai, sannan ya jona kwamfuta ya goge abin da ƙwaƙwalwar ta haddace.

"A'a," in ji Inna. "Ban da gogewa."

"Inna, in ba a goge ba, da tsohon halin za ta cinye sababbin. Ko a goge, ko motar ta zama ta 'yan gwangwan."

Ta bar ta a garejin ta koma gida a ƙasa. Kwanaki tana zaune a falo, ba motsin kowa sai na agogon bango. In ta yarda ta rasa shi, in ta ƙi ta rasa shi da motar gaba ɗaya. Kaɗaici ya ci ta har abinci ya daina shiga.

Ta koma garejin da safe, ta tarar da bakaniken a ƙarƙashin wata mota. Ta jira ya fito. Kunya ta kama ta, mace da furfurarta, amma ta daure ta faɗa masa komai: numfashin, dukan, da gaisuwar.

"Ɗan nan, ƙafarsa ce a ciki. Ita kaɗai ta rage min. Ba yadda za a kwafe ta a ajiye min?"

Bakaniken ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, hannun da ya riga ya bushe. Ya kalli motar, ya kalli ƙafarta ta dama a cikin silifa.

"Inna, ƙwaƙwalwar da ta san marigayi ruwan sama ya kashe ta, ni da hannuna na sa sabuwa ranar da ƙaninki ya kawo motar. Wannan ba ta taɓa sanin ƙafar kowa ba sai taki."